Ƙusa a Cikin Maɗaci

Wuta ta dawo da hantsi.
Bappa Gidado bai ƙarasa kununsa ba,
ya dire kofin a kan benci.
A Bolari in wuta ta zo ba a tsayawa gaisuwa,
kama ta ake tun ba ta juya baya ba.

Guntun maɗacin da aka kawo daga Kumo
wata bakwai yana kwance bayan shago,
mun shafe bakinsa da baƙin mai kada ya tsage,
awaki sun mai da shi dandalin tuƙa.
Mu uku muka ɗaga shi, muna nishi.
Faɗinsa ya kai murfin rijiya.

Da fari rawa ya kama,
inji na jijjiga har kwanon rufi na amsawa.
Bappa ya ce, kauce daga gabansa, ɗan nan,
itacen da bai daidaita ba
bai san ɗan kowa ba.

Ya kafa ƙafa, ya tokare ƙota a ƙugu,
ya miƙa bakin ƙarfe a hankali,
yadda ake kai hannu ga saniyar da ba a saba ba.
Tas, tas, tas, sannan shuuu.
Rawa ta lafa.
Sassaƙe na tashi ja, yana nannaɗewa,
yana sauka a hularsa, a girarsa, a cikin kunun.
Ɗacin itacen ya sauko mini har maƙogwaro.

Baya ya fito, gindi ya zauna.
Muka juya shi, aka shiga raraƙe ciki,
zobe na bayyana bayan zobe.
Ga na shekarar ruwa, in ji Bappa, dubi faɗinsa.
Wannan siririn kuwa, a shekararsa
mun ci tafasa ba ƙuli.

Sai ƙyas!
Tartsatsi, ƙarfe ya yi tsalle,
Bappa ya kashe inji da gwiwar hannu.
Da juyi ya tsaya muka gan ta:
ƙusa, ta yi tsatsa, ta lanƙwashe,
itace ya haɗiye ta, ya yi shiru
sama da shekara talatin.

Wa ya kafa ta?
Wanzami ne, don rataye madubi?
Ko mahauci, ranar kasuwa?
Ko wata ce ta ɗaura igiyar shanya
ta kwance, ta tashi, ba ta sake bi ta nan ba?

Na ce, Bappa, ai ya ɓaci.
Bai tanka ba.
Ya zare ta da filaya kamar mai cire haƙori,
ya wasa ƙarfensa, ya tofa, ya sake wasawa.
Ramin ya tafi da aski biyu,
amma baƙin da ta bari ya ƙi fita,
tsawon ɗan yatsa, kusa da leɓe.
Sanfefa uku na cinye a kansa.
Man kaɗanya ma ƙara fito da shi ya yi.

Goggo Yelwa ta zo bayan la'asar,
ita da ta ce a yi mata wanda hannu tara
za su shiga ba a ture juna ba.
Ta ƙwanƙwasa, ta kasa kunne,
ta shafa har yatsanta ya tsaya a kan tabon.
Bappa ya ce zai rage ɗari biyar.
Ta ce, a'a, bar shi.
Autana kullum kuka yake an ci masa gefe.
Daga yau ga iyakarsa.

Ta aza a ka, ta nufi Tashan Dukku,
inuwarsa ta rufe ta har kafaɗa.
Muna ɗaura na biyu wuta ta tafi.
Bappa ya hure sassaƙe daga kofi ya shanye.
Ƙusar tana aljihuna,
ta riga ta huda shi.